Wadda Ta Riƙe Mini Gida

Nana, ranar walimar da kuka shirya mini ta ajiye aiki, kin tashi gaban ƙawayenki kin ce uwarki mace ce da ta ɗauki jakarta ita kaɗai ta tafi Lyon karatu, ba ta tsaya jin ta bakin kowa ba. Aka yi ta tafi, na yi murmushi kawai, domin ba wurin gyara ba ne. Amma da na dawo gida abin ya tsaya mini a rai. Labarin da kika ba su ya fi na gaskiya daɗin ji, sai dai mutum biyu sun ɓace a cikinsa: babanku, da gwaggonku Habsu, Allah ya jiƙanta. Ke da Abdu kuna ƙanana lokacin, abin da kuka riƙe kaɗan ne. Shi ya sa na zauna in rubuta muku shekarar nan yadda ta kasance.

Kafin in zo ƙasar nan malama ce ni. A Damagaram ina koyar da Ingilishi a kwaleji, yara suna miƙewa in na shiga aji, iyayensu suna kirana Madam a kasuwa. Da babanku ya kawo ni Aubervilliers, a gefen Paris, sai na tarar takardata ba ta buɗe ƙofar kowace makaranta a nan. Aikin da na samu na kantin ne, inda ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, ke cin abincin rana: in zuba, in goge tebur, in wanke faranti. Ban raina aikin ba. Amma akwai ranakun da zan jiyo wata malama ta bayan bango tana koya wa yara ƴan kalmomin Ingilishi tana karya su, ni kuwa hannuna cikin ruwan sabulu. Shekaru na yi a haka. Babanku yana da shago cikin manyan shagunan sari na unguwar, shi da wani abokin ciniki, yana sayen takalma da jakunkuna yana aikawa Yamai da Maraɗi. Rabin wata yana gida, rabin wata yana hanya, yau Italiya gobe Dubai.

Na nemi gurbin digiri na biyu a Paris ba a ɗauke ni ba. Lyon ce ta amsa, da sharaɗin in kasance a aji daga Litinin zuwa Alhamis. Ke Nana kina da shekara tara, Abdu bai daɗe da shiga lakwal ba. Wata Lahadi bayan la'asar na gaya wa babanku, na shirya wa faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana juya kofin shayi a hannunsa.

"Karatun ban ƙi shi ba, Mariyama," ya ce. "Da sanina malama na aura. Amma Lyon ba nan kusa ba ce. Ni ina hanya, ke kina can, yaran fa? Kuma kin san bakin mutanenmu. Juma'a mai zuwa za ki ji an ce matar Isufu ta bar shi."

Gaskiya ya faɗa. Gwaggonku tana zaune a ƙasa tana tsince wake, ta zo daga unguwar Belleville ta Paris kamar yadda ta saba kowace Lahadi. Yayar babanku ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Mijinta ya rasu ba ta haihu ba, babanku ya kawo ta nan neman magani, ta warke ta zauna. Tana aiki a madafar wani ɗan gidan abinci na wata mutuniyar Senegal da kowa ke kira Tanti Awa. Ba ta taɓa shiga aji ba, layin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da launinsa take gane shi. Ba ta ko ɗaga kai daga waken ba ta ce:

"Isufu, tun da kake, bakin mutane ya taɓa kai maka yaro lakwal? Ke Mariyama, Litinin zuwa Alhamis kika ce? Ki tafi. Ni zan dawo nan in zauna da su. Wurin Awa na riƙa zuwa Juma'a da Asabar, ya ishe ni."

"Yaya, nauyin zai yi miki yawa."

"Ni na ce miki ya yi mini yawa?"

Babanku bai taɓa musu da ita ba, ranar ma bai yi ba. Shi ya ɗauki jakata har cikin jirgin ƙasa a safiyar farko, ya ɗora ta a sama, ya tsaya a bakin taga kamar mai son faɗin wani abu, sai ya ce kawai in kula da sallah a kan lokaci.

A Lyon na sauka a Minguettes, a wani dogon bene, wurin Hajiya Rakiya mutuniyar Maraɗi, wadda ƴaƴanta suka girma suka bar mata ɗakuna. Daga tagar ɗakina benaye ne iri ɗaya har iyakar gani. Da safe in hau bas, in sauka in hau metiro, in shiga aji cikin yaran da na girme su da kusan shekara goma sha biyar. Da yamma in dawo in baje takardu a kan gado. Hajiya Rakiya ta kan leƙo da kwanon fura ta ce, "Wai mi ke cikin littahin ga da ba ya ƙarewa?"

Abin da ke cikinsa shi ne wannan, tunda na san har yau ba wanda ya karanta shi a cikinku. Tsohon littafin Ingilishi ne, na zamanin keken doki, wata mace ce ta rubuta shi. Labarin ƴar wani limamin coci ne a ƙauye. Ubanta ya mutu ya bar ta da uwa marar lafiya da ƙane ƙarami. Wani mai gonaki ya nemi aurenta, wanda da ta yarda da wahalarsu ta ƙare, ta ce a'a. Ta hau keken doki ta tafi birnin masaƙu, ta buɗe makaranta don ƴaƴan ma'aikata mata, ta sha wuya har makarantar ta tsaya da ƙafarta. A ƙarshe wani likita da take so ya dawo daga tafiya, ta miƙa makarantar ga wani namiji, ta aure shi, ta bi shi ƙauye. Babin ƙarshe gajere ne, kuma a cikinsa ba ta ce uffan ba.

A kan wannan babin aji ya yi wata da watanni yana gardama. Malamarmu, Madam Delorm, siririya ce mai furfura, ta ƙare rayuwarta tana karanta irin waɗannan littattafai da idon ƴancin mata. A ganinta babin ƙarshe kabari ne: marubuciyar ta gina mace mai tsayuwa da kanta, sannan zamaninta ya tilasta mata binne ta cikin aure, domin masu karatu na lokacin ba za su karɓi mace ta ƙare ita kaɗai kuma cikin farin ciki ba. Wata ɗaliba mai suna Kler ta ce a'a, da gangan marubuciyar ta sa babin ya yi lami, tana nuna wa mutane abin da suka nace sai an ba su ba shi da ɗanɗano. Wani saurayi ya ce idan mace ta nuna za ta iya rayuwa ba namiji, sannan ta zaɓi wanda take so, wa ya isa ya ce ta faɗi? Suka yi masa ca. Ni ina gefe da ɗankwalina ina rubutu, ban cika magana ba. Wata rana Madam ta juyo gare ni, cikin kirki ta yi maganar, ba da niyyar cin fuska ba.

"Mariyama, ke da kika fito daga inda mata ba su da ta cewa, kin fi mu duka sanin wannan kurkukun. Gaya mana."

Duk aji ya juyo.

"Madam," na ce, "a littafin nan idan mace ta yi aure, abin da ta mallaka ya zama na miji, har sunanta ya tafi. Kakata a Damagaram tana da awakinta da rumbunta, kakana ba ya taɓa su sai ya roƙa, kuma da sunanta aka binne ta. Muna da namu katangun, na san su, wasu sun fi waɗannan tsawo. Amma ba iri ɗaya ba ne. Ni ma baƙuwa ce a gidan yarinyar nan, kamar ku."

Madam ta ce ta yi gaggawa, in yi haƙuri. Daga ranar ta fara tsayar da ni bayan aji tana tambayata, ni ma na fara buɗe baki. Sai dai har lokacin ban san me zan rubuta a memwar ɗina ba, wato babban rubutun da ake karewa gaban malamai a ƙarshen shekara. Duk abin da na fara sai in ga maganar wani ce na sake wa riga.

Abin da ba ku sani ba shi ne babanku ya je ya sayi littafin, fassarar Faransanci, yana karantawa a metiro layi na bakwai in zai shiga Paris. Cewa ya yi yana so ya ga abin da ya raba shi da matarsa. Bayan magariba in na kira gida, kafin ya ba ku wayar sai ya fara.

"Wannan ɗiyar liman ɗin taki tana da hankali kuwa? Mutum mai gonaki ya zo da ƙafarsa, ta ce a'a?"

"Ba ta son shi, Alhaji."

"To sai ta ce a ba ta lokaci. Ba a sallamar mutum haka a bakin ƙofa."

Bayan ƴan makonni magana ta sauya. Ya ce yarinyar ta burge shi, ta fara da ɗakin haya da ƴan yara kaɗan ga shi har ta ɗauki mataimakiya, wannan da kasuwa ta shiga da ta yi arziki. Ranar da ya gama kuwa, ya zo tarbata a tasha fuska a ɗaure, ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya ce:

"Ta ba da makarantar? Duk wahalar nan? Shi likitan ba zai iya dawowa birni ba? Marasa lafiya sun ƙare a birnin ne?"

Na yi dariya har mutane suna kallonmu. Da na ba Madam labari ta ce in kawo mata shi aji, ta samu ɗalibi.

Tsakiyar hunturu abubuwa suka yi nauyi. Ke Nana kika daina zuwa waya. In na kira sai in ji muryarki daga nesa kina cewa a ce kina aikin lakwal. In na dawo ranar Alhamis ki gaishe ni kamar baƙuwa, ki koma jikin gwaggonki. Ban ga laifinki ba, kuma ban san yadda zan yi ba. Ana cikin haka wata Asabar na je Belleville sayen kayan miya, na biya gidan abincin in gaida Yaya. Tanti Awa ta tare ni tun a ƙofa, ta ja ni gefe.

"Ki yi wa ƙawata magana," ta ce. "Gwiwoyina sun gama aiki, gida nake so in koma in huta. Tun kaka na ce ta karɓi wurin nan, don hannunta mutane ke zuwa. Ta ce ba yanzu ba, tana da yara. In sanyi ya wuce ba ta karɓa ba, dole in ba wani."

Na shiga madafar. Yaya tana tsaye gaban kasko tana suyar kifi. Tun zuwanta ƙasar nan na sha jin ta tana cewa da za ta samu wurinta, ko tebur huɗu ne, da ta nuna wa Paris yadda ake dambu.

"Yaya, me ya sa ba ki gaya mana ba?"

"Awa bakinta ba ya riƙe magana."

"Abin da kika daɗe kina nema ne fa."

"Na ce ki tafi, kin tafi. In na janye yanzu kina tsakiyar ruwa, me na yi ke nan? Miƙo mini gishirin can."

Na miƙa mata. Ba ta kalle ni ba. Kifin da ke kaskon ya ƙone ta gefe ɗaya, abin da ban taɓa gani ba a hannunta. Washegari na gaya wa babanku abin da na ji, na ce na bar karatun, ba zan gina kaina a kan Yaya ba. Sai ya ce in je in gaya wa malamata da bakina, kada in ɓace mata haka.

A jirgin safiyar Litinin na buɗe littafin don sabo kawai, ba don ina neman komai ba. Ya buɗe a wurin da ya fi shan hannu, inda yarinyar ke barin gida ta hau keken doki, wurin da duk aji ke ƙauna. Na karanta shi ban san sau nawa ba. Amma ranar idona ya tsaya a kan wani ɗan layi kafin ta fita, inda ta miƙa makullan gida ga wata innarta, tsohuwa da ba ta taɓa aure ba. Na koma farkon littafin ina bin tsohuwar nan shafi shafi. Wurare kaɗan ta fito, kuma in ta yi magana ba ta wuce ta ce kowa lafiya. Ita ta yi jinyar uwar har ta mutu. Ita ta reni ƙanen. Duk shekarun da makarantar ke girma a birni, tana ƙauye tana wanke zanen gado. A babin ƙarshe, da aka yi aure aka sayar da tsohon gidan, marubuciyar ba ta ko faɗi inda ta koma ba. Muna ta gardama a kan shirun amarya, ga wadda ta yi shiru tun daga shafin farko. Na rufe littafin, na kalli gonaki suna wucewa, hawaye na zuba, wani tsoho da ke gefena ya miƙo mini hankici bai tambaye ni komai ba.

Na sami Madam a ofishinta na ce na zo in yi sallama. Na gaya mata labarin Yaya. Ban san yadda aka yi ba sai na ji ina gaya mata na innar ma. Ta ɗauko nata kwafin littafin, wanda bangonsa ya rabu, ta yi ta juya shafuka.

"An yi rubutu a kan ƴan aikin gidan, an yi a kan matan masaƙa," ta ce. "Innar nan ban tuna wanda ya tsaya mata ba. Amma ki yi hankali, Mariyama, kada ki mai da fitar yarinyar laifi. Mata sun sha wuya kafin a yarda ƙofa tana buɗuwa."

"Ba laifi nake cewa ba, Madam. Cewa nake fitar ta mutum biyu ce, aka rubuta sunan ɗaya."

"To ga memwar ɗinki nan, kin same shi ranar da kika zo ajiye shi. Kada ki yanke komai sai kin je gida kin dawo."

Ranar Alhamis ba wanda ya tarbe ni a tasha. Da na buɗe ƙofar gida ƙaurin shinkafa ya fara gaishe ni. Babanku na tsaye a madafa, ya naɗe hannun riga, yana kankare gindin tukunya. Jakar Yaya tana ɗaure a bakin ƙofa, ita kuma tana zaune a kujera ta harɗe hannu, ranta a ɓace.

"Gaya masa ya daina haukan nan," ta ce da ni. "Wai ya fasa tafiye-tafiye."

"Na gaya wa abokin cinikina ba ni ba hanya sai kin gama," babanku ya ce, bai juyo ba. "Shago kuma in lokacin tashin lakwal ya yi, na rufe. Yaya ta goya ni, ta goya ƴaƴana, ya isa haka. Ina ta jin haushin likitan littafi, ashe ni ma ina zaune a gidana mata biyu suna rige-rigen wadda za ta haƙura."

"Isufu, ni kake mayar wa magana?"

"Yau ɗaya, Yaya. Ki yafe mini. Gobe da safe zan raka ki wurin Awa."

Ina so ku san abin nan bai zo a banza ba. Abokin cinikinsa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, manyan masu sayen Maraɗi suka bi shi, ba su dawo ba. Kasuwar babanku ba ta sake kai girmanta na da ba har ya bar ta. Gidan da yake ginawa a Damagaram ya yi shekaru ba rufi. A masallaci wasu suka sa masa suna mijin Madam, da ni suke, akwai Juma'ar da ya dawo ya shige ɗaki bai ci abinci ba. Ku kuma kun sha makaroni da kifin gwangwani har Abdu ya tsane shi zuwa yau, kitsonki Nana sai maƙwabciya ake roƙo. Bai taɓa goranta mini ba. Sau ɗaya dai, shekaru bayan haka, da muka je gida ya ga benen da tsohon abokin nasa ya gina, ya yini bai yi magana ba. Na zauna kusa da shi, ni ma ban yi ba. Amma a watannin nan ne ya san sunan malamanku, ya san Abdu na tsoron karen bene na biyu, ya san ke ba kya cin abinci in an yi miki tsawa. Da kansa ya ce mini kafin shekarar nan baƙo ne shi a gidansa mai kawo tsaraba. Kuma shi ne ya riƙa zaunar da ke kusa da waya yana cewa ki gaya wa Mama abin da ya ƙona yau, har kika fara karɓa kina ba ni labari kina dariya.

Farkon zafi na kare memwar ɗin. Dukanku kuka zo Lyon. Yaya, wadda ta zama mai gidan abinci, ta rufe wurinta yini guda ta zo da kula cike da shinkafa da kifi. Hajiya Rakiya ta sha babban leshi kamar mai zuwa biki. Cikin malaman da suka zauna mini akwai wani dattijo da ya tambaye ni ko ba rayuwata na karanta na ɗora wa littafin ba. Na ce kowa a ɗakin nan da idon da rayuwa ta ba shi yake karatu, ni dai na faɗi inda na samo nawa, kuma duk abin da na ce game da innar yana nan a shafukan, a duba. Madam ta ce har yanzu tana ganin babin ƙarshe kabari ne, sai dai yanzu ta san mutum biyu ke ciki. Suka fita suka yi shawara, suka dawo suka ce na ci, da yabo. A bakin kogi muka baje tabarma, Madam ta zauna a ƙasa tare da mu, barkono ya sa ta hawaye, ta ƙi ajiye cokali.

Ke ce Nana kika buɗe shafin farko na memwar ɗin, inda na sadaukar da shi ga Yaya, kika ce, "Gwaggo, ga sunanki." Yaya ta goge hannu ta karɓa.

"Ina yake?"

Kika ɗora yatsa a kai. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta mayar miki. Sai a jirgin komawa, kun yi barci a jikin babanku, ta taɓa gwiwata.

"Mariyama, kin gama?"

"Na gama, Yaya."

"To saura ni. Akwai inda ake koya wa manya karatu kusa da mu, Talata da Alhamis bayan azahar. Ba zan ƙara bari yarinya ta nuna mini sunana da yatsa ba. Ke za ki tsaya mini a madafa."

Haka aka yi. Na samu aikin koyar da Ingilishi a wata cibiyar horar da manya, wanda na yi har na ajiye, amma tun ranar farko na gaya musu yammacin Talata da Alhamis ba nawa ba ne. Shekara biyu ina yanka albasa a Belleville, ina shan faɗa in na cika ruwa a dambu. Karatun bai zo mata da sauƙi ba. Ta fi shekara hamsin, idonta ya fara rauni, sau da yawa ta kan jefar da fensir ta ce kanta ya bushe. Washegari kuma ta ɗauka.

Wata safiya a hunturun da ya biyo baya muna cikin layi na goma sha ɗaya, mun taso daga sayen kifi, jirgi ya shigo tasharmu. Na miƙe zan sauka sai ta damƙe hannuna, idonta a kan allon bango.

"Tsaya. Be... le... bil... le."

"Yaya, Belbil ake cewa. Sauran baƙaƙen ba a faɗarsu."

"Ba a faɗarsu? To don me aka rubuta su? Shekara nawa ina sauka a nan, ban san irin ɓarnar da mutanen nan ke yi ba."

Ƙofa ta rufe muna ciki. Na ce mun wuce, ta ce ta sani, ta gaba take so ta gani. Har ƙarshen layi muka je ranar, kifi yana narkewa a jaka tsakanin ƙafafunmu, ita kuwa tana karanta kowace tasha da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, har da waɗanda ba a faɗa.